Gwajin aure ya fita lafiya amma ƙurajen nan sun ƙi barina, wane gwaji ya kamata in yi?

Bawan_Allah31

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kuma na ɓoye sunana ne saboda magana ce da ba ta faɗuwa a majalisa, ko amini na ban iya buɗe baki na gaya masa ba.

Shekarata 31, ina kasuwanci a Kano, an sa min rana saura sati bakwai ɗaurin aure. Damuwata ita ce yau kusan shekara uku kenan wasu ƙuraje suna fito min a gaba, ƙanana ne masu ruwa a ciki, su fito a cure waje ɗaya kamar guda biyar ko shida, kafin su fito sai in ji wajen yana ƙaiƙayi da wani irin zugi kamar ana tsira min allura, kwana biyu sai su fashe su koma ɗan gyambo mai raɗaɗi wanda in ruwan sabulu ya taɓa wlh sai na cije baki, bayan kwana goma haka su bushe su tafi kamar ba a yi ba. Wata uku ko huɗu kuma sai su dawo a daidai wajen dai, musamman in na yi zazzaɓi ko na sha wahalar tafiya. Na farkon shi ya fi ba ni wuya, har da kaluluwa da ciwon jiki, fitsari ma da ƙyar nake yi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da na zauna a kudu na yi kuskure da wata, na tuba tun tuni, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Bai fi kwana goma da faruwar hakan ba abin ya fara.

Na je kemis yace sanyi ne, ya min allura kwana biyar ya haɗa min kafso. Na sayi jarkar maganin sanyi wajen masu mota da lasifikar nan har sau biyu. Na je wani lab suka ɗauki fitsari suka ce staf ne, aka sake rubuta min antibayotik mai tsada, kuɗin da na kashe Allah kaɗai Ya sani, kuma duk sanda na sha magani sai su tafi in ce shikenan na rabu da su, sai kawai in wayi gari sun dawo.

Satin da ya wuce muka yi gwajin aure ni da ita, HIV da ciwon hanta da jinotaif, duk lafiya lau alhamdulillah. Na fito ina murna, amma da dare na shiga intanet na ga hoton wata cuta da suke rubutawa herpes, harfis ake faɗa ina jin, hoton kamar nawa aka ɗauka, tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Toh tambayata, shin gwajin auren nan zai nuna ta da ina da ita? In ba zai nuna ba wane gwaji zan ce a min kuma a ina? Sannan ita yarinyar, dole ne sai na gaya mata? Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta san komai ba, bana son in cuce ta kuma bana son in rasa ta.

Mai_Lab

Wa alaikumus salam. Malam sannu, Allah Ya ba da lafiya. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, shekarata 11 ina wannan aikin, saboda haka ɓangaren gwaji zan maka bayani, hukuncin ƙarshe kuma na likitan da ya ganka da idonsa ne.

Gwajin auren da kuka yi bai leƙa harfis ba ko kaɗan. Dokar da gwamnan Kano ya sa wa hannu a 2024 ta fi mayar da hankali ne a kan HIV da ciwon hanta da jinotaif, kuma mu a lab abin da aka rubuta a takarda shi kaɗai muke nema, kowace cuta da irin sinadarin da ake gwada ta da shi. Mutane da yawa suna ɗauka in an ɗebi jini aka ce lafiya to an duba komai da komai, wlh ba haka abin yake ba.

Yadda ka kwatanta ƙurajen nan, masu ruwa, a cure, da zugi kafin su fito, suna dawowa waje ɗaya, ya yi kama da harfis sosai, amma da kama ba a yanke hukunci. Gwajin iri biyu ne. Wanda ya fi kowanne inganci shi ne a goga ɗan tsinken auduga a kan ƙurjin kansa a ɗauki ruwan, wato suwab, a yi masa gwajin da ake kira PCR, shi zai faɗa maka ƙwayar tana nan ko babu, kuma zai faɗi wacce ce cikin ire-iren ƙwayar harfis guda biyu, HSV-1 ko HSV-2. Sirrinsa lokaci ne. A kwana ɗaya zuwa biyun farko ake so ka zo, sanda ruwan yake ciki ko ya fashe kenan, in ya bushe ya yi ɓawo to zai iya fitowa babu komai alhali tana nan. Kuma dan Allah kar ka shafa masa komai kafin ka zo, na sha ganin mutum ya zo ya mulka man goge baki ko Dettol ko toka a wajen, ya ƙona fatarsa ya kuma ɓata mana samfurin. Ba kowane lab ke yin PCR ɗin nan ba, ka tambaya a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko manyan lab masu zaman kansu, wasu su kan ɗauka su tura wani gari. Shawarata ka nemo wajen tun yanzu da kake lafiya, ka ji kuɗinsa, ka karɓi takardar likita ka ajiye a aljihu, ranar da ka ji zugin nan ya fara sai ka kama hanya kawai. Ka kuma ɗauki hoton wajen da wayarka duk sanda suka fito, domin sau da yawa kafin mutum ya samu ganin likita sun warke, shi kuma likitan da ya saba gani da ido ma ya kan gane su.

Na biyun gwajin jini ne, wanda za ka iya yi ko gobe ba sai ƙuraje sun fito ba. Shi ba ƙwayar yake gani ba, sojojin da jiki ya ƙera don yaƙarta yake nema, kuma su kan ɗauki har sati 12 kafin su taru yadda za a gansu, kai da ka shekara uku wannan bai shafe ka ba. Amma ka riƙe wannan da kyau, sojojin iri-iri ne, ka ce gwajin masu suna IgG kake so wanda ya raba HSV-1 daban HSV-2 daban. In suka ce IgM za su maka kar ka ba da kuɗinka, ba ya bambance tsohon kamu da sabo kuma yana yawan ba da sakamakon ƙarya. Haka in an haɗe su layi ɗaya an rubuta 1 da 2 tare, bai gaya maka komai ba, saboda HSV-1 ita ce wannan ƙurajen da ke fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi muke cewa zazzaɓi ya fito a baki, yawanci tun muna yara muka ɗauka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. HSV-2 ce aka fi samu a al'aura, ita ma masu ita sun kai wajen miliyan 500 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba.

Wani abu kuma, in lambar da ta fito a gefen sakamakon ƙarama ce, tsakanin 1.1 zuwa 3 da ɗan wani abu, ana so a sake tabbatarwa domin a nan ake yawan samun kuskure. Shi ya sa ma ba a ba wa wanda bai taɓa ganin wata alama ba shawarar ya je ya yi gwajin jinin nan haka kawai, sai ya tayar wa kansa hankali a banza. Kai kam kana da alama, naka gwajin yana da dalili.

Ta wajen magani, gaskiya ɗaya ce, har yau babu wanda ke fitar da ita daga jiki, tana kwanciya ne a jijiya ta ƙasan gadon baya, in jiki ya yi rauni ta taso ta biyo jijiyar, shi ya sa take fitowa waje ɗaya kullum. Antibayotik ba ya taɓa ta domin bairos ce. Amma akwai acyclovir da valacyclovir, in ka fara sha da jin zugin farko suna rage kwanakin da zafin sosai, kuma likita zai iya ɗora ka a kan na kullum.

Ɗan_Gargajiya

Malam kar ka bari a tsorata ka da turanci. Sanyi ne ya maka yawa ya fito waje, kuma babu cutar da Allah Ya saukar ba tare da maganinta ba. Ni na san wanda ya yi irin naka ya sha sassaƙe sati biyu suka bushe. Maganar gaya wa yarinya kuma ni ban goyi baya ba, Allah Ya rufa maka asiri kai kuma ka tona wa kanka? Takarda ta ce kana lafiya, ka bar kaza cikin gashinta ka sha bikinka.

Ummu_Biyu

Ɗan_Gargajiya dan girman Allah ka janye wannan shawarar. Ni ce irin yarinyar da kake cewa kar a gaya wa.

Ƙanina bari in ba ka labarina. Sati biyu da tarewata abin ya same ni, na tashi da zazzaɓi mai zafi, gabana gaba ɗaya ya yi ƙuraje ya fashe, zama ya gagara, fitsari kuwa sai na riƙe bango ina kuka, har sai da na koma ina zuba ruwan ɗumi a wajen sannan in iya yi. Gwaggona tace zafin amarci ne aka dafa min bagaruwa ina shiga, abin sai ƙaruwa, wata tace sammu ne tunda ina da abokiyar zama, har aka fara kallon baiwar Allah da abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, wlh har yau in na tuna zargin da aka ɗora mata sai na ji ba daɗi. Sai da yayata ta ja ni asibiti, likita mace ta duba ta gaya min sunan abin ta rubuta min acyclovir, cikin kwana uku na fara jin dama.

Da na zo masa da takardar sai ya sunkuyar da kai yace ai shi ma yana ganin irinsu jefi-jefi tun kafin aurensa na farko, bai ɗauka wani abu ba ne. Ciwon jikin na manta shi tuni, amma wannan maganar ta daɗe tana cina, domin da ya yi magana da mun je wajen likita tare, da an ɗora shi a kan magani, ko da zan ɗauka ma da na san me ya same ni ban kwana goma ina zaune cikin ruwan bagaruwa ina zargin mutane ba.

Yanzu shekararmu shida, yarana biyu lafiyarsu ƙalau, ni kuma a shekarar farko ta kan taso min sau uku ko huɗu, yanzu sai in shekara ban ganta ba, in na ji alamarta ina da maganina a durowa. Ba ta hana ni haihuwa ba, ba ta hana ni komai ba. Na faɗa maka wannan ne don ka san ba ƙarshen rayuwa ba ne, ka kwantar da hankalinka ka ci abinci.

Amma ka gaya mata. Ba sai ka zayyana mata abin da ya wuce tsakaninka da Ubangijinka ba, wannan ka tuba ya wuce, kuma ba sai iyayenta da dangi sun ji ba. Ciwon ne haƙƙinta ta sani tunda jikinta zai shafa. Ka bari sakamako ya fito tukuna kar ka je mata da zato, sannan ka roƙe ta ku je wajen likita tare ta yi tambayoyinta da bakinta. Za ta iya yin kuka, za ta iya cewa ka ba ta lokaci, ka ba ta. In ta yarda ta shigo gidanka da saninta, zaman da za ku yi daban ne da wanda za ta gano a sati na biyu.

Sista_Awo

Anti Ummu Allah Ya saka da alheri, kin faɗi abin da mu a ɗakin awo muke fama a kai. Ni ungozoma ce, bari in ƙara ta ɓangarenmu.

Malam, dalilin da ya fi ƙarfi na saninta shi ne ciki. Macen da ta daɗe da harfis kafin ta samu ciki, jikinta ya riga ya yi sojoji kuma tana ba wa jaririn, haɗarin kaɗan ne. Wadda muke tsoro ita ce wadda ta kamu karon farko a watanni ukun ƙarshe na ciki, domin jariri zai iya ɗauka a hanyar fitowa, kuma a jikin jariri sabon haihuwa ciwon yana iya taɓa ƙwaƙwalwa har ya yi kisa. In mun san da maganar abin mai sauƙi ne, likita ya kan fara ba ta acyclovir daga sati na 36, in naƙuda ta zo da ƙuraje a wajen sai a yi mata tiyata a ciro. In kuma mijin ne mai ita matar ba ta ɗauka ba, sai a ja masa kunne ya kiyaye sosai a ƙarshen cikin. To ya za mu yi duk wannan in ita kanta ba ta sani ba?

Ka kuma sani ana iya ɗauka ko babu ƙurji a fili, ƙwayar ta kan fito saman fata wasu ranaku shiru ba alama. Abin da ke rage haɗarin shi ne ka ƙaurace mata daga jin zugin farko har wajen ya warke tas, kwaroron roba yana ragewa amma ba ya rufe ko'ina, maganin kullum na valacyclovir kuma an gwada an ga yana rage yaɗuwar da kusan rabi. Ba a ɗauka a masai ko a buta, wannan zancen mutane ne kawai.

Tunda ana maganar, mata masu zuwa barka, dan Allah wadda zazzaɓi ya fito wa a leɓe kar ta sumbaci jariri, ƙwayar gida ɗaya ce.

Sai maganar sanyi da aka mayar kwandon zuba kowane ciwo. Mace za ta shekara biyar tana shan maganin sanyi, an mata suwab na HVS, wato na ruwan gaban mace, sau ba adadi, alhali shi wannan suwab ɗin na yau da kullum ba ya kama kilamidiya, wata cutar saduwa, ita kuma kilamidiya a yawancin mata ba ta nuna alama, tana can tana hawa mahaifa tana toshe bututun ƙwai, sai an zo neman haihuwa ko an yi ciki a bayan mahaifa sannan a gane. Kuma in an samu ciwo irin wannan a gida, miji da mata da abokan zamanta duk tare ake magani, in ba haka ba a yi ta miƙa wa juna.

Mai_Lab

Malam Ɗan_Gargajiya, ba raina sassaƙe nake ba, amma ka lura da abin da mai tambaya ya faɗa da kansa, ƙurajen suna bushewa a kwana goma. Ko ya sha magani ko bai sha ba za su bushe, shi ya sa duk abin da mutum ya sha a kwanakin nan sai ya ɗauka shi ya warkar da shi, har allurar kemis ɗin ma. Wanda ka sani ɗin ka tambaye shi bayan wata shida.

Staf ɗin da aka ce maka kuma Malam, ƙwaya ce da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu lafiya, in ba a ɗauki samfur da tsafta ba sai ta tsiro a faranti a rubuta maka ita, ba a lissafa ta cikin cututtukan saduwa.

Tunda za ka je, ka haɗa da na tunjere, wato gwajin jini na VDRL ko RPR, in ya nuna sai a tabbatar da wani gwajin mai suna TPHA. Shi ma tunjeren yana farawa da gyambo a gaba, sai dai yawanci guda ɗaya ne kuma ba ya zafi, ya warke da kansa ciwon ya shige ciki shekaru, alhali allurar fenisilin tana kashe shi. Sai na fitsari na gonoriya da kilamidiya, fitsarin farko da ya fara fitowa ake tara, kuma ka ɗan jima ba ka yi fitsari ba kafin nan, kamar awa ɗaya ko biyu.

Ga masu karantawa da abin ya faru da su kwanan nan, gwajin HIV na tsinken yatsa zai iya kaiwa kwana 90 kafin ya nuna, kar mutum ya yi a sati ɗaya yace ya tsira, kuma kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. In abin bai wuce awa 72 ba a garzaya asibiti a nemi PEP, magani ne na kwana 28 da ke hana ƙwayar kama jiki. Mai HSV-2 kuma ya ƙara kiyayewa, domin tana ninka haɗarin ɗaukar HIV kusan sau uku.

Bawan_Allah31

Jama'a na gode, Allah Ya biya ku, wlh jiya ne na fara barci sosai. Yau da sassafe na je asibiti na yanki kati na ga likita, da ƙyar maganar ta fito amma da na fara sai na ga ko a jikinsa, ya saurare ni har ƙarshe ya rubuta min IgG ɗin da Mai_Lab ya faɗa da VDRL da na fitsarin, ya kuma ba ni takardar suwab in ajiye yace ranar da suka fito in zo ko ba ranar ganinsa ba ce. An ɗebi jinin, Alhamis zan karɓo. Jarkar da ta rage na zubar.

Na kira ta na ce ranar Asabar zan zo akwai maganar da za mu yi, tace lafiya dai ko, na ce lafiya, amma muryata sai da ta yi rawa. Anti Ummu dan Allah, in na zauna gabanta, in fara miƙa mata takardar ne ko in fara yi mata bayani da baki?